Yaron da ya daɗe bai buɗe baki ba



A wannan fitowar mun ɗan kauce daga darussan da muka saba, saboda wata tambaya da ta yi ta dawo mana daga ɓangaren mata bayan karatun safe, har ma daga wasu malaman ƙananan azuzuwa. Yaro ne ya kai shekara 3, yana tafiya, yana gudu, yana ci yana sha lafiya lau, amma baki shiru, ko kuma kalma biyu zuwa uku kawai yake ta juyawa. A jira ne ko a tashi? In tashi za a yi, ina za a dosa, kuma me ake yi wa irin wannan yaro a can?

Amsar da aka fi ba uwa a gidajenmu mun san ta. "Ƙyale shi, nauyin baki ne, babansa ma sai da ya shekara 4." "Ai namiji ne, maza ba su da saurin magana." Wani lokaci maganar takan faɗa daidai, don akwai yaran da kan makara sannan su kamo tsararsu ba tare da an yi musu komai ba. Inda gizo ke saƙa shi ne, da ido kawai ba ka iya bambance yaron da zai kamo da wanda ba zai kamo ba, kuma shekarun da ake ɓatawa ana jira su ne shekarun da ƙwaƙwalwa ta fi saurin ɗaukar harshe. In an kai yaro an duba ya zamana ba komai, an yi asarar kuɗin mota da yini guda. In an zauna ya zamana akwai wani abu, wannan asarar kan bi yaro har makaranta, har girma.

Yadda magana ke tsirowa

Magana takan fara tun kafin ranar da yaro ya ce "Baba". Jariri ɗan wata 2 zuwa 3 yana yi wa mai yi masa wasa murmushi, yana mayar da ƴan sautuka. Tsakanin wata 6 da 9 sai gwaranci ya shigo, ba-ba-ba, da-da-da. Kafin ya cika shekara yakan juyo in an kira sunansa, ya miƙa hannu a ɗauke shi, ya ɗaga hannu ya yi bankwana, ya nuna abu da yatsa. Wannan nuni da yatsa ku riƙe shi da kyau. Yaron da ya nuna miki akuya sannan ya waiwayo ya dubi fuskarki, ya riga ya yi magana, bakin ne kawai bai iso ba. Masana sun fi damuwa da yaron da ba ya nuni fiye da wanda yake nuni amma kalmominsa kaɗan ne.

Kalmar farko takan zo wajen shekara 1. Zuwa shekara 2 yawancin yara suna da kalma 50 ko fiye, kuma sun fara haɗa biyu: "Mama ruwa", "Baba tafi". Zuwa shekara 3 akwai ƴan jimloli, baƙo ma yakan gane mafi yawan abin da yaron ke faɗa. A shekara 4 yakan ba da labarin abin da ya faru a waje, ko da da ƴan kurakurai.

Ba awon tiya ba ne wannan, wani yaro yakan riga wani da ƴan watanni. Amma akwai inda ba a jira. Yaro ya cika shekara ba gwaranci, ba nuni, ba ya juyowa ga sunansa. Ko ya kai wata 18 ba kalma ko ɗaya. Ko ya kai shekara 2 ba ya haɗa kalma biyu, ko kuwa ba ya gane ƙaramin aike irin "kawo takalminka" sai an nuna masa da hannu. Abin da ya fi duka gaggawa shi ne yaron da ya fara magana sannan ta ɓace, ko a wane shekaru ne. Wannan kam likita ake nufa a makon.

Sai mu raba abubuwa da mutane ke cakuɗawa. Akwai tsamin baki, inda yaro ke mayar da "r" ta koma "l" ko "y", ko ya kasa fitar da "ts" da "ƙ". Waɗannan haruffa ne masu wuya, sukan zo daga baya, kuma yaro mai tsamin baki yana da magana cike da ciki. Akwai in'ina, wadda takan fara tsakanin shekara 2 da 5, kuma yawancin yara sukan rabu da ita. Abin da muke magana a kai yau ya fi waɗannan zurfi: yaron da kalmomin kansu ba su taru masa ba, ko kuma ba ya fahimtar abin da ake faɗa masa. Rashin fahimtar nan shi ya fi ɓuya. Yaro mai wayo yakan kalli abin da sauran yara ke yi ya bi, ya ga an ɗauko buta ya san wanka za a yi, sai a ce ai yana jin komai. Ki gwada shi wata rana: ki faɗi aiken da bai saba ba, hannuwanki a cinya, kada ki kalli abin da kike nufi.

Kunne tukuna

Duk wani ƙwararre na gaskiya, abin da zai fara tambaya shi ne ko an gwada jin yaron. Harshe ta kunne yake shiga. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yara miliyan 34 ne a duniya ke da raunin ji mai nakasarwa, kuma kusan kashi 60 cikin 100 na raunin ji a yara daga abubuwan da ake iya karewa yake zuwa.

Mu da ke wannan yanki abin ya shafe mu ƙwarai, don muna cikin zirin ƙasashen da sanƙarau ke yawan ɓarkewa lokacin zafi da ƙura. Allurar MenAfriVac da aka fara a Burkina Faso, Mali da Nijar a ƙarshen 2010 ta karya lagon nau'in A, amma wasu nau'o'in suna nan, waɗanda suka ga annobar 2015 a Yamai ba su manta ba. Cikin mutum 5 da suka tsira daga sanƙarau na ƙwayar bakteriya, kusan 1 yakan fita da wata illa mai daɗewa, kuma kurumta tana sahun gaba. Saboda haka duk yaron da ya tashi daga sanƙarau a gwada jinsa da wuri, kada a jira sai an ga alama. Ban da sanƙarau akwai ƙyanda, da hangum, da shawara mai tsanani a makon haihuwa, da wahalar haihuwa inda jariri ya daɗe bai yi kuka ba, da zazzaɓin cizon sauro mai taɓa ƙwaƙwalwa. Wasu magunguna ma, irin allurar jantamisin, suna iya lalata ji in an yi su ba bisa ƙa'ida ba, wannan kuwa dalili ne babba na barin karɓar allura a hannun mai tallar magani a kan tire.

Sai kunne mai zubar da ruwa ko mugunya. Mun mayar da shi kamar majina, a share da tsumma a ci gaba. Alhali yaron da kunnensa ke zuba wata da watanni dodon kunnensa a huje yake, yana jin magana kamar daga bayan katanga. Akwai ma wanda ruwan ke taruwa a bayan dodon kunne, ba zafi, ba zuba, ba wanda ya sani, sai dai a ga yaro yana ƙure sautin rediyo ko a yi ta cewa ba ya jin kira don taurin kai.

"Ai yana ji, in an buga ƙofa yana firgita." Wannan ba hujja ba ce. Yaro mai rabin ji yana jin ganga, da jiniya, da kiran salla ta lasifika, amma siraran sautuka irin "s", "sh", "f", "t" suna wuce shi, su ne kuwa ke bambance kalma da kalma. Tafi a bayan kansa ma ba gwaji ba ne, yakan ji iskar ko ya ga inuwa. Ko jaririn da aka haifa kurma yana kuka, yana dariya, yana fitar da sauti a watannin farko, shi ya sa iyaye ke ruɗuwa. Gwajin gaskiya yana wajen likitan kunne, hanci da maƙogwaro, wanda a asibitocinmu ake kira ORL. Akwai na'urar da ake sa wa a kunne ta ƴan mintuna, ba zafi, har jariri mai barci ana yi masa. A ƙasashen da suka tsara abin, ƙa'idar ita ce a tantance jariri kafin wata 1, a tabbatar da matsalar kafin wata 3, a fara taimako kafin wata 6. Mun kawo wannan ne don a ga cewa babu yaron da ya yi ƙanƙanta da gwajin ji.

In kunne lafiya fa?

To sai a duba sauran. Akwai otizim, wanda wasu kafofin labarai ke kira galahanga, ko da yake sunan nan ana jefa shi a kan laluri daban-daban. Yaro mai otizim, ban da jinkirin magana, yakan ƙi haɗa ido, ba ya nuna maka abu don ku gani tare, yakan jera kaya ko ya yi ta juya abu ɗaya, ƙaramin canji ko wata ƙara takan tayar masa da hankali matuƙa. Ana ƙiyasta kusan yaro 1 cikin 100. Tunda jita-jitar takan zagayo ta salula, mu faɗa a sarari: allurar rigakafi ba ta kawo otizim. Rahoton 1998 da ya haddasa wannan magana a Ingila, mujallar Lancet da ta buga shi ta janye shi a 2010, an kuma soke wa likitan da ya jagorance shi izinin aiki. Rigakafin ƙyanda da na sanƙarau su ne ma ke kare kunnen yaro da ƙwaƙwalwarsa.

Akwai yaran da jinkirin ya shafi komai nasu, zama, tafiya, wasa da magana, kamar masu tirizomi 21 ko waɗanda ƙwaƙwalwarsu ta taɓu wajen haihuwa. Akwai farfaɗiya. Akwai amosanin jini, wato sikila, wanda kan iya toshe jijiyar ƙwaƙwalwar ƙaramin yaro har magana ta ɗauke. Akwai tsagewar ganɗa, da tamowa mai daɗewa. Sannan akwai kaso mai yawa da za a duba kunne lafiya, hankali lafiya, jiki lafiya, harshen ne kawai ke yi musu wuyar koyo. Binciken da aka yi a Amurka a 1997 da wanda aka yi a Ingila a 2016 duka sun samu kusan yara 7 cikin 100 masu shiga makaranta suna da wannan lalura, wato wajen yara 2 a ajin mutum 30. Takan bi jini, shi ya sa "babansa ma haka ya yi" ya kamata ta ƙara sa mu lura maimakon ta kwantar mana da hankali.

Yanzu abubuwan da ake ɗora wa laifi alhali ba su da shi. Na farko yawan harsuna. Gida ana Hausa, kaka tana Zabarmanci ko Fulatanci, makaranta Faransanci, islamiyya Larabci, sai a ce an rikita yaro. Harshe biyu ko uku ba sa haddasa wannan lalura. In za a ƙirga kalmomin yaro, a haɗa na duka harsunan. Kuma kada uwa ta bar harshen da ta iya ta koma yi wa ɗanta gurguwar Faransanci don wai ta sauƙaƙa masa, harshen da ya fi zama a bakinta shi zai fi amfanarsa.

Na biyu linzami da belu. Da an ga yaro bai yi magana ba sai a ce a kai wa wanzami ya yanke linzami. Linzamin da ya ɗaure harshe sosai yana iya wahalar da jariri wajen shan nono, wani lokaci ya taɓa furucin wasu haruffa, kuma likita ne zai duba ya yanke hukunci. Amma ba ya hana yaro tara kalmomi ko fahimtar magana, don wannan aikin ƙwaƙwalwa ne. Cire belu kuwa ba shi da alaƙa da magana ko kaɗan, abin da ke cikinsa zubar jini ne da haɗarin ɗaukar cuta daga aska. Haka magungunan "buɗe baki" da ake tallatawa: babu ƙwaya, babu ruwan kwalba, babu allura da ke koya wa yaro harshe.

Wasu kuma sukan ce iska ce ko baki ne ya kama shi, a shekara ana yawo ba a taɓa leƙa kunnen yaro ba. Addu'a kam ba ma barinta. A Suratu Ɗaha an ba mu labarin Annabi Musa, alaihis salam, ya roƙi Ubangijinsa a kan ƙullin harshensa, kuma a wuri guda ya nemi a ƙarfafa shi da ɗan uwansa Haruna. Roƙo da neman mataimaki tare suka zo. A yi wa yaro addu'a da asuba, hantsi ya yi a kai shi gwaji.

Me mai gyaran magana yake yi?

A ƙasashen da ke aiki da Faransanci ana kiransa ortofonis. Sana'ar sabuwa ce a yankinmu. Sai a 2003 aka buɗe sashen horar da su a makarantar ma'aikatan lafiya ta Lome, a Togo, wanda ya zama na farko a ƙasashen Afirka ta Yamma masu Faransanci, kuma ɗalibai daga ƙasashe maƙwabta sun yi karatu a can. Har yanzu ƴan kaɗan ne, yawancinsu a manyan birane. Ɗalibanmu masu kammala sakandare da ke neman fannin da al'umma ke ƙishirwarsa, ga ɗaya nan.

Iyaye da yawa sukan fito daga zaman farko ransu a ɓace. Sun zaci za a leƙa baki a rubuta magani, sai suka ga babban mutum ya zauna a tabarma yana tura mota da yaro. To wasan nan shi ne awon. Yana duba ko yaro na haɗa ido, ko yana karɓa-karɓa, ko ya san cokali na ci ne, waya ta kunne ce, kalma nawa yake ganewa, da wace hanya yake neman abu. Yaron da bai iya karɓa-karɓa da ƙwallo ba, ba zai iya da magana ba, don hira ma ba ni in ba ka ce. Daga nan sai a ɗora manufa ƙarama: wataƙila kalma 10 da yaron ke buƙata kullum, irin ruwa, ƙara, buɗe, zo, ba ni, a'a, shi ke nan. Ba a farawa da ƙirga ko sunayen launuka. Yaron da ya iya "ja, fari, baƙi" amma bai iya neman ruwa ba, har yanzu kuka ne makaminsa.

Kuma ko an samu ƙwararre, awa ɗaya a mako ba ta isa. Yaro yana farke awa 80 ko fiye a mako, kusan duka a hannun uwa, kaka, da yayye. Wannan ya sa cibiyar Hanen da Ayala Manolson ta kafa a Kanada a 1975 ta karkata aikinta ga koyar da iyaye maimakon a rufe ƙofa da yaro shi kaɗai, hanyar kuwa ta bazu a duniya. Mu da ƙwararru suka yi mana ƙaranci, wannan labari ne mai daɗi, don mafi yawan dabarun ba sa buƙatar ko dala.

Ta farko, ki sauko. Goyo yana da albarka, yaro na jin ɗumin uwa da muryarta, amma a baya ba ya ganin bakinta. Yaro mai jinkiri yana buƙatar ya ga fuska. A samu lokuta a yini, ko minti 10 ne sau uku ko huɗu, a zauna ƙasa ido da ido. Mun san akwai kunyar ɗan fari, uwa ba ta kiran sunansa, ba ta sakewa da shi gaban mutane. Kunyar nan ba ita ta jawo lalurar ba, amma in yaro ya zo da buƙata, surukai su ne ya kamata su fara cewa "saki jikinki, yi masa hira". A ɗaki ma ai babu mai kallo.

Ta biyu ita ce ta fi wuya: jira. Mun saba da mun ga yaro ya kalli randa sai mu ɗebo mu ba shi, ko yayarsa ta yi caraf ta ce "ruwa yake so". To me zai sa ya wahalar da kansa? Riƙe kofin inda yake gani, ki dube shi, ki ƙirga 5 zuwa 10 a zuci. Duk abin da ya yi, kallo ne, miƙa hannu ne, "uu" ne, ki karɓa a matsayin magana, ki ce "ruwa", ki ba shi nan take. Kada a hana shi har ya yi kuka wai sai ya faɗa. Wannan yakan sa yaro ya tsani magana gaba ɗaya.

Daga nan sai bin abin da hankalinsa ke kai. In murfin tukunya yake bugawa, a yi maganar murfi: "buga", "ƙara", "ya faɗi". Kalmar da ta zo daidai da abin da yaro ke kallo ita ke zama. A gajarta magana, a ɗara shi da taki ɗaya kawai. In ba shi da kalma, a ba shi ɗaya ɗaya. In ya ce "mota", a ce "mota ta tafi". In ya ce "uwa" yana nufin ruwa, kada a ce "ba haka ba ne", a ce "e, ruwa", ya ji daidai ba tare da an kunyata shi ba. A rage jarrabawa irin "mene ne wannan? ka ce kaza, gaida Baba, ka ce mana!" A maimakonta a ba shi zaɓi, ana nuna masa abubuwan biyu: "kunu ko ruwa?" A bar ƙuli-ƙuli a cikin gwangwani mai murfi mai tauri, don ya zo neman a buɗe.

Ayyukan kullum su ne allonsa, saboda suna maimaituwa. Wanka: "zuba", "sabulu", "ƙafa", "shi ke nan". Sa riga, cin tuwo, ba kaji tsaba. Kalmomi iri ɗaya, a wuri ɗaya, kowace rana. Waƙoƙin reno da na dandali ma haka: in ya saba da waƙa, a tsaya cak kafin kalmar ƙarshe a ga ko zai cike.

Salula da talabijin ba sa yin wannan aiki. A 2003 Patricia Kuhl da abokan aikinta a Amurka sun sa jarirai ƴan wata 9 sun saurari Sinanci sau 12. Waɗanda mutum ya zauna ya yi musu sun koyi bambance sautukan harshen, waɗanda aka kunna wa bidiyo ko kaset ba su koya ba. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2019 ita ce yaron da bai kai shekara 2 ba a nisanta shi da kallo, daga 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce awa 1 a yini. Wanda ya ga kamar wasa da yaro ɓata lokaci ne, ya dubi abin da aka yi a Kingiston ta ƙasar Jamaika daga 1986: ma'aikatan lafiya sun riƙa ziyartar gidajen yaran da tamowa ta tsumburar, mako-mako har shekara 2, suna nuna wa iyaye wasa da hira. Bayan shekara 20 aka bi sawunsu, aka tarar abin da suke samu ya ɗara na takwarorinsu da ba a yi wa ziyarar ba da kusan kashi 25 cikin 100.

Yaron da jinkirinsa ya yi tsanani akan buɗe masa wata ƙofar: alamun hannu ko hotuna. Akwai tsarin Makaton da aka fito da shi a Ingila a shekarun 1970, inda ake faɗin kalma ana yin alamarta. Akwai na musayar hoto, PECS, wanda Andy Bondy da Lori Frost suka fara a Amurka a 1985, yaro ya miƙa hoton abin da yake so a ba shi. A gida ana iya ɗaukar hoton kofinsa, da takalminsa, da makewayi, a wanke a manna a kwali. Tsoron iyaye shi ne in ya saba da hannu ba zai yi magana ba. Bincike bai nuna haka ba, sau da yawa ma alamar ce ke jawo kalmar, kuma duka da cizo da birgima sukan ragu da zarar yaro ya samu hanyar faɗin abin da ke ransa. Wanda aka tabbatar kurma ne, ko an sa masa na'urar ji, kada a hana shi maganar hannu. Harshe ne cikakke, kuramen ƙasar Hausa suna da tasu tun kaka da kakanni, akwai kuma makarantar kurame a Yamai da wasu manyan birane. Ƴan gida su ma su koya, kada a bar shi baƙo a gidan ubansa.

Gaskiyar da ba za mu ɓoye ba: aikin na watanni ne, wani na shekaru. Wasu yaran sukan kamo tsararsu sarai. Wasu sukan yi magana amma karatu da rubutu su ba su wuya daga baya, don haka a ci gaba da sa ido bayan sun shiga makaranta. Wasu kuma har girma da hannu ko hoto za su fi bayyana kansu.

Ga malaman allo da islamiyya

Akwai wani abu da ya shafe mu kai tsaye. Uba yakan ce, "Malam, ai ba shi da matsala, yana kawo Fatiha da ƙananan surori tiryan-tiryan." Alhamdu lillahi, baiwa ce, a raya ta. Sai dai hadda daban, magana daban. Akwai yaran da ke maimaita duk abin da suka ji, har da karin muryar mai faɗa, amma in ka ce "me kake so?" sai su mayar maka da "me kake so?" Ana yawan ganin haka a masu otizim. Yaron da ya haddace sura amma ba ya iya cewa cikinsa na ciwo, yana buƙatar a duba shi.

A aji, a zaunar da irin wannan yaro gaba, kusa da malam, inda zai ga baki. Umarni ɗaya a lokaci ɗaya, a nuna da hannu, a ba shi lokaci ya amsa. Biya masa gaɓa gajera, shi kaɗai, ta fi masa amfani a kan ƙarar aji gaba ɗaya, wadda ga mai raunin ji hayaniya ce zalla. Bulala kuwa ba ta da gurbi a nan ko kaɗan: yaron da bai gane abin da aka ce ba, duka ba zai fahimtar da shi ba, sai dai ya koya masa yin shiru. Manyan ɗalibai su hana kiransa bebe ko gaɓo, su riƙa sa shi cikin wasa, kuma su daina amsa tambaya a madadinsa. A kuma kula da wanda ke raka shi da wanda ke keɓewa da shi. Wani nazari da aka buga a Lancet a 2012 ya nuna yara masu nakasa sun fi sauran fuskantar cin zarafi kusan ninki 4, wanda ba ya iya kai ƙara kuwa shi mugu ya fi nema.

In malam ya lura da wani abu, ya samu uban a keɓe, ya faɗi abin da ya gani da idonsa, kada ya laƙaba wa yaro sunan cuta. "Na ga in na kira shi ta baya ba ya juyowa, da za a duba kunnensa" ta wadatar.

Ranar zuwa asibiti a tafi da katin awo da na rigakafi. A rubuta duk kalmomin da yaro ke faɗa da kansa, a kowane harshe, har da waɗanda ƴan gida kaɗai ke ganewa, da alamun da yake yi. A tuna yadda haihuwarsa ta kasance, da manyan cututtukan da ya yi, da alluran da aka taɓa yi masa, da ko akwai kurma ko mai jinkirin magana a dangi. In da hali a ɗauki ɗan bidiyonsa yana wasa a gida, don yara da yawa sukan ƙame a gaban likita. Uba ya daure ya je, kada a bar uwa ita kaɗai da tambayoyin. A fara da asibitin unguwa, a nemi takardar turawa zuwa likitan yara da na kunne. In aka ce ku koma gida ku jira alhali ba a gwada ji ba, ku tambaya cikin ladabi a ina ake gwajin, kuma ku nemi a sa muku ranar dawowa da ba ta wuce wata 3 ba.